Kafin a Yanke wa Waƙa Hukunci: Lacca kan Fashin Baƙin Waƙoƙin Rok Mai Tsauri

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Na ga wasu sun yamutsa fuska tun da na sa faifan nan. Ban ga laifinku ba. Jita tana kuka, ganga kamar ana rushe gini, mawaƙi yana ihu da gashi har kafaɗa. Wanda ya ji haka karon farko cewa zai yi babu komai ciki sai hauka. To, mu da muka karanci jigo da warwararsa, bai kamata ƙarar kiɗa ta hana mu tambaya ba: wa ya rubuta baitocin, a ina, a wace shekara?

Mu fara da Black Sabbath. Samari huɗu ne 'yan unguwar Aston a Birmingham, garin masana'antu a Ingila. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin yankan ƙarfe ya cire masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. A 1970 suka fitar da War Pigs, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Saboda sunan ƙungiyar da ambaton Shaiɗan a baitin ƙarshe, mutane da yawa suka ce waƙar tsafi ce. Ku bi ta baiti baiti. Janar-janar ne suka taru suna ƙulla halaka, 'yan siyasa suka kunna wutar suka ɓuya, aka tura 'ya'yan talakawa su mutu. A ƙarshe ranar sakamako ta zo, masu yaƙin suna rarrafe suna neman gafara. Geezer Butler, mai rubuta musu baitoci, a gidan 'yan Katolika ya tashi, kuma hoton hisabin nan daga can ya ɗauko shi. Da a wajenmu ne, zambo za mu kira ta, zambon masu mulki.

Wata kuma babu abin tonowa a cikinta sam. Smoke on the Water ta Deep Purple labari ce kawai. Ranar 4 ga Disamba 1971, a garin Montreux na Suwizalan, mawaƙi Frank Zappa yana wasa a gidan caca, wani ya harba bindigar tartsatsi a rufi, ginin ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya lulluɓe tafkin Janiba. Su 'yan ƙungiyar Deep Purple da suka zo ɗaukar faifai a wurin sai suka koma wani otal. Abin da suka gani suka rera. Duk wanda ya ce muku hayaƙin nan alama ce ta wani sirri, ya wahalar da kansa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. A watan Satumba na 1985 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna kan baitocin waƙoƙi, bayan matsin wata ƙungiyar iyaye da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, take cikin waɗanda suka kafa. Tipper Gore ta zargi waƙar Under the Blade ta ƙungiyar Twisted Sister da batsa da azabtarwa, saboda an ambaci ɗauri da wuƙa. Dee Snider, wanda ya rubuta ta, ya zo gaban sanatoci da kansa. Ya ce waƙar kan tsoron tiyata ce, mai jitarsu ne za a yi wa aiki a maƙogwaro. Wuƙar ta likita ce, ɗaurin na gadon asibiti ne. Ya ƙara da cewa batsar a zuciyar mai sauraren take. Mai kaza a aljihu dai, kun san sauran. (Dariya.)

Kada ku ce na wanke su duka. Akwai waƙoƙin nan da yawa da ba su wuce giya da mata da fariya ba, kuma ma'anarsu a fili take, ba ta bukatar malami. Shi ma mawaƙi yana iya gyara labarinsa idan ya ga kotu ko majalisa, don haka a gwada maganarsa da baitin, a ga ko sun dace. A ta Snider, ni na gwada, sun dace.

Malam, na ga kana nuna mini agogo. Bari in sake sa War Pigs daga baiti na biyu, ku bi da takardar da aka raba, sannan mu karɓi tambayoyi.