Faifan rakiya a kiɗan darkwave: inda aiki ke ɓaci

Zainab: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau zancenmu kan faifan rakiya ne, ƙaramin faifai ko kaset da makaɗan darkwave, wani salon kiɗan Turawa mai amon baƙin ciki, ke fitarwa tare da babban kundi, kwafi ƙalilan. Malam Bashir, me ake zubawa a ciki?

Bashir: Galibi ɗanyen ɗauka na farko, ko waƙoƙin da wasu makaɗa suka yi wa sabon haɗi, ko abin da aka naɗa a dandali. Akan buga kwafi 100 zuwa 300, a sa wa kowanne lamba da hannu, a sayar a Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, ko a bukukuwa irin Wave-Gotik-Treffen na Jamus, wanda ake yi tun 1992.

Zainab: To ina matsalar take?

Bashir: A faifan garmaho take, Malama. Kiɗan nan ya dogara ne da amon ƙasa mai kauri, wato sautin bes, na sintesaiza (na'urar haɗa sautin kiɗa) da na'urar ganga. Amon ƙasa kuwa wuri yake ci, domin layin da allura ke bi faɗaɗa yake yi. Faifai mai inci 12 a gudun juyi 33 a minti, kada fuska ɗaya ta wuce minti 20. In aka cusa 25, dole mai yanka layin sauti a jikin faifan ya rage ƙarfin sauti, sai ƙarar gogar allura a kan faifan ta taso.

Zainab: Kuma in amon ƙasan ya rabu hagu da dama, allura tsalle take yi.

Bashir: Shi ya sa ake tattara shi a tsakiya kafin yanka. Sannan waƙa mai kaifin sauti a sa ta farkon fuska. Kusa da tsakiyar faifai sauti dusashewa yake, harafin "s" ya riƙa tsatsa a kunne.

Zainab: Ni abin da ke ci mini rai shi ne a ɗauki sautin da aka gyara don intanet a miƙa wa masana'anta haka nan, wai ai ɗan rakiya ne. Alhali mai sayensa shi ne masoyin gaske.

Bashir: Gaskiyarki. Kuma faifan gwaji, wanda masana'anta ke aikowa kafin a buga sauran, in ya iso, a saurari fuska biyun har ƙarshe, a kan garmaho biyu daban. Da an sa hannu, ba gyara.

Zainab: Kaset fa?

Bashir: Ya fi sauƙi da araha. A daidaita tsawon fuskokin biyu kawai, kada mai sauraro ya zauna jiran minti 5 na shiru kafin ya juya.