Charles Aznavour: mawaƙin da aka ce ba shi da murya

A watan Disamban 1960, a gidan wasa na Alhambra da ke birnin Paris, wani gajeren mutum mai shekara 36 ya hau dandamali ya rera sabuwar waƙarsa, "Je m'voyais déjà". Labarin wani mawaƙi ne da ya baro garinsu tun yana saurayi, yana ganin ɗaukaka na jiransa, har girma ya kama shi bai same ta ba. Da waƙar ta ƙare, zauren ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. Daga wannan dare ne Faransa ta daina yi wa Charles Aznavour kallon raini.

An haife shi a Paris ranar 22 ga Mayun 1924. Iyayensa Armeniyawa ne 'yan gudun hijira. Mahaifiyarsa ta tsira daga kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a daular Turkawa ta Ottoman a 1915. Uban mawaƙi ne, uwar 'yar wasan kwaikwayo, suna kuma da ɗan gidan abinci. Yana da shekara tara ya fara hawa dandamali, karatun boko kuwa bai yi nisa ba. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, gidansu ya ɓoye Yahudawa da Armeniyawan da ake farauta, abin da zai iya jawo musu kisa.

Ya fara waƙa tare da abokinsa Pierre Roche, mai kaɗa fiyano. A 1946 fitacciyar mawaƙiyar Faransa Édith Piaf ta ji su, ta jawo Aznavour jikinta. Shekaru ya yi a ƙarƙashinta: shi ne direba, shi ne sakatare, shi ne mai rubuta mata wasu waƙoƙi. Amma idan ya fito ya rera da kansa, 'yan jarida sai su yi masa ca. Wai muryarsa ta dishe, shi gajere ne, fuskarsa ba ta tauraro ba ce.

To alƙalaminsa ne ya riƙe shi. Ya rubuta wa mawaƙiya Juliette Gréco, ya yi aiki da mawaƙi Gilbert Bécaud, daga baya ya rubuta wa matasa irin su Johnny Hallyday da Sylvie Vartan. Waɗanda ba sa son jin muryarsa sun daɗe suna rera kalmominsa.

A nan ne ya kamata mu tsaya. Mawaƙan zamaninsa sun fi son soyayya tana sabuwa fil. Shi kuwa sai ya bi ta bayan shekara goma da aure. A "Tu t'laisses aller" miji ne ke faɗa wa matarsa yadda ta saki jikinta, yana zuba mata magana mai ɗaci, amma a ƙarshe ka gane har yanzu sonta yake. A "Hier encore", ta 1964, mutum ne ke lissafin ƙuruciyar da ya ɓarnatar. Tsufa, talauci, kishi, kunyar wanda ya gaza, duk ya sa su a waƙar minti uku, da kalmomin da mai sayar da burodi zai gane. Kuma ba ya tsayawa ƙiƙam yana rerawa. Yakan shiga jikin mai labarin kamar ɗan wasan kwaikwayo, domin shi ma ɗan fim ne, ya fito a fim ɗin darakta François Truffaut a 1960. A ganina wannan gaskiyar ce ta sa muryar da aka raina ta dace da shi. Wanda ke ba da labarin gajiya ba ya bukatar murya mai santsi.

Daga nan duniya ta buɗe masa. Ya yi wasa a Carnegie Hall na New York a 1963. Ya rera da Turanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Jamusanci, kuma a 1974 waƙarsa "She" ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Waƙoƙin da ya rubuta, shi kaɗai ko da wasu, sun kai kusan dubu.

Bai manta da tushensa ba. Ranar 7 ga Disamban 1988 girgizar ƙasa ta afka wa arewacin Armeniya, ta kashe mutum kusan 25,000. Aznavour ya kafa gidauniyar agaji, ya tara mawaƙan Faransa da dama suka rera "Pour toi Arménie", kuɗin ya tafi ga waɗanda abin ya shafa. Armeniya ta ba shi shaidar zama ɗan ƙasa a 2008, ta naɗa shi jakadanta a Switzerland a 2009.

Bai taɓa yin ritaya ba. A watan Satumban 2018, yana da shekara 94, ya yi wasa a Osaka ta Japan. Ya rasu ranar 1 ga Oktoba a gidansa da ke Mouriès, a kudancin Faransa. Ranar 5 ga wata aka yi masa karramawa ta ƙasa a ginin tarihi na Les Invalides da ke Paris, Shugaba Emmanuel Macron da Firaministan Armeniya Nikol Pashinyan duk suka yi jawabi.