Me Ya Sa Fim ɗin da Majalisa Ta Fi So Ba Shi Ke Cin Kyauta Ba?

Assalamu alaikum, masu kallo. A ƙauyukan Jigawa, tun daga yankin Ringim har zuwa Gumel, idan aka idar da sallar isha'i matasa sukan taru a teburin mai shayi ko a bakin shagon mai cajin waya, inda ake tura wa mutane fina-finai, kuma a nan ake tafka musun wane fim ne ya fi kowanne a shekara. Musun yakan ƙara zafi idan lokacin rabon kyaututtuka ya zo, domin sau da yawa fim ɗin da majalisa ta yi ittifaƙi a kansa ba shi ne alƙalai suke ɗauka ba, sai a ce an yi son kai.

Kafin a yanke wannan hukunci, ya kamata a san su wane ne alƙalan. Gasar Oscar ta Amurka, wadda aka fara bikinta a 1929, ba 'yan kallo ne suke zaɓe a cikinta ba. Masu zaɓen kimanin mutum 10,000 ne, kuma dukkansu 'yan sana'ar fim ne, wato jarumai da daraktoci da marubuta da masu ɗaukar hoto da masu tace shi. Abin da ke burge mai tace hoto a fim ba lallai ne ya zama abin da ke sa gidan kallo ya kaure da tafi ba.

Sai kuma yadda ake ƙirga ƙuri'ar gwarzon fim, kuma a nan ne yawancin masu musu suke kuskure. Ana fitar da fina-finai 10, kowane mai zaɓe ya jera su daga wanda ya fi so har zuwa na ƙarshe. Mu ɗauka mutum 9 ne a majalisarku: 4 sun sa fim ɗin yaƙi a gaba, 3 sun sa na soyayya, 2 kuma na barkwanci. Tunda babu wanda ya haura rabi, sai a cire na barkwanci, a duba abin da mutanen nan biyu suka sa a matsayi na biyu. Idan na soyayya suka sa, ya samu 5 ke nan, ya yi nasara, alhali na yaƙi ne ya fi yawan masoya tun farko. A ganina tsarin yana da adalci, amma yana fifita fim ɗin da kowa ya yarda da shi a kan wanda wasu suke mutuwar so wasu kuma ba sa ko son jin sunansa.

Ɓangaren da ya fi shafarmu shi ne na fina-finan ƙasashen waje, inda kowace ƙasa take tura fim guda, bisa sharaɗin cewa fiye da rabin maganganun da ke cikinsa ba da Turanci aka yi su ba. Wannan sharaɗi ne ya sa aka cire fim ɗin da Najeriya ta tura, Lionheart na Genevieve Nnaji, a 2019, saboda Turanci ya rinjayi Ibo a cikinsa. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta tura The Milkmaid, wanda akasarinsa da Hausa aka yi, sannan a ƙarshen 2024 ta tura Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura kuma Adam A. Zango ya fito a ciki.

Daga fina-finan da ƙasashe suka turo ake tace 15, daga cikinsu a fitar da 5, kuma duk wanda zai yi zaɓe a wannan mataki na biyu wajibi ne ya kalli dukkan 15 ɗin. Wahalar tana matakin farko, domin fina-finan suna da yawa, kuma wanda kamfaninsa yake da kuɗin shirya nuni da talla a birnin Los Angeles shi ya fi samun masu kallonsa. Mai Martaba bai shiga cikin 15 ɗin ba, kuma a bikin da aka yi a watan Maris na 2025 fim ɗin ƙasar Brazil mai suna I'm Still Here ne ya karɓi kyautar.