Awon Raunin Jiki da na Ƙwaƙwalwa ga Dattawanmu: Laccar da Aka Gabatar a Jos

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Akwai kalmar da ta daɗe tana damuna, ita ce "ai tsufa ne". Baba ya rame, tsufa ne. Hajiya ta koma yin salla a zaune, tsufa ne. Da wannan kalma muke rufe bakin juna, alhali kowa a nan ya san 'yan shekara saba'in biyu, ɗaya yana taka ƙafa daga Gangare zuwa Taminus ya dawo, ɗayan kuwa mura ta kwana uku sai ta kwantar da shi wata guda. Abin da ya raba su shi likitoci ke kira rauni, wato jiki ya cinye ajiyarsa, ƙaramar jinya sai ta kada mutum. Kuma ana auna shi.

A 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka fitar da alamomi biyar: ramewar da ta kai kilo 4.5 cikin shekara ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsa jiki. Mai uku ko fiye daga ciki ya shiga rauni. Mai ɗaya ko biyu yana bakin ƙofa, kuma shi ne aka fi saurin cetowa.

Kada sunan Amurka ya firgita ku. Kujera da agogon waya sun isa fara aiki. A ce dattijo ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, a yi hattara, yana cikin haɗarin faɗuwa. Ko ya harɗe hannuwa a ƙirji ya tashi ya zauna sau biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa daƙiƙa 14 a matsayin iyaka.

Ni a kan kakata na koyi wannan, kuma na koya a makare. Kullum ita ke cika butarta ta ɗauka zuwa bayi. Wata rana na ga ta cika rabi. Bayan 'yan watanni sai ta riƙa jan butar a ƙasa da ƙafa, zoben azurfarta kuma ta naɗe shi da zare don kada ya zame. Duk muna gani, duk muna cewa tsufa ne, har ranar da ta zame a tsakar gida ƙugunta ya karye. Butar nan da zoben nan awo ne, mu ne ba mu iya karantawa ba. Allah Ya jiƙanta.

Sai ƙwaƙwalwa. A 2013 masana suka ware wani rukuni: mai raunin jiki tare da 'yar mantuwa wadda ba ta kai gigin tsufa ba. A nan nake da ƙorafi. Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da suka fi yaɗuwa, irin wanda ake kira MMSE na 1975 mai maki 30, suna buƙatar mutum ya karanta jimla, ya rubuta, ya kwafi zane da fensir. To tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba fa? Za ta faɗi, a rubuta mata cutar da ba ta da ita, bayan kuwa tana riƙe da lissafin adashin mata ashirin a kanta. Shi ya sa masu bincike a Ibadan suka koma ga tsinken ashana: a jera guda huɗu a wani fasali, a ce ta maimaita. In za a tambaye ta wane wata ake ciki, a karɓi Rajab ko Sha'aban, kuma a yi tambayar da harshen da take mafarki da shi. A fara tabbatarwa ma tana ji, don kurumta kan yi kama da mantuwa.

In awo ya nuna rauni, a nemo dalili: ƙarancin jini, ciwon suga, haƙoran da suka hana tauna, ƙuncin zuciya bayan rasuwar abokin zama, ko tarin magunguna. A kwaso duk ƙwayoyin da yake sha a leda a kai wa likita ya gani. A ƙara masa wake, ƙwai, kifi da nono. Kuma don Allah, 'ya'ya, ku daina hana su motsi da sunan tausayi. In Baba ya ce zai taka zuwa masallaci, ku miƙa masa sandarsa ku bi shi a gefe.

Na sa an kawo kujera ga ta nan. Baba na sahun gaba, ko za ka taimaka mana mu gwada a gaban jama'a?