Yadda mabiya Buda suke gyara hali da ayyukan yau da kullum

Shugaban wannan zama, malamaina, 'yan uwa ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. An ɗora mini in yi bayani a kan yadda mabiya addinin Buda suke tarbiyyar halinsu ta hanyar abubuwan da suke yi kullum. Addinin yana da rassa da yawa, don haka zan tsaya a kan reshe ɗaya, Terawada, wanda ake bi a Siri Lanka da Tailan da Miyanma da Kambodiya da Lawos, kuma da harshen Pali aka adana littattafansa. Maganar aƙida wata lacca ce daban. Yau aikin kansa za mu duba: me mutum yake yi da asuba, me yake yi a kasuwa, me yake yi kafin ya kwanta, kuma a ina ne abin yake lalacewa.

Tushen komai shi ne ƙa'idoji biyar da ake kira panca sila. Mutum ya ƙaurace wa kashe mai rai, da ɗaukar abin da ba a ba shi ba, da lalata, da ƙarya, da shan abin maye mai kawo gafala. Jin su ba wuya, kowa a ɗakin nan zai iya haddace su kafin a tashi. Abin lura shi ne yadda ake riƙe su. Ba sau ɗaya ake ɗaukar su a rayuwa a wuce wurin ba. Mai kula da ibadarsa yana sake ɗaukar su kowace safiya. Zai durƙusa a kusurwar da ya keɓe a gidansa, ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji, ya karanta kalmar girmamawa sau uku, ya karanta neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'ar 'yan zuhudu sau uku, sannan ya ambaci ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, kowace yana cewa ya ɗauke ta a matsayin horo. Duka bai wuce 'yan mintuna ba. Idan a wurin ibada ne, ɗan zuhudu, wanda suke kira bikku, shi yake faɗa jama'a suna maimaitawa.

Kuskuren farko a nan yake aukuwa. Da yake da Pali ake karantawa, ba harshen gida ba, mutum sai baki ya riga zuciya: ya gama karatun tsaf, bai tuna da ko ɗaya ba. Maganin da malamansu suke bayarwa shi ne a dakata bayan kowace ƙa'ida, a tambayi kai inda za a ci karo da ita a wannan yinin. Mai sayar da kifi ya san tasa jarrabawar tana kan ta huɗu, lokacin da mai saye zai tambaye shi ko kamun yau ne. Ma'aikacin ofis ya san tasa tana kan ta biyu, wajen man motar gwamnati. Wanda abokai suka gayyata liyafa da yamma ya san tasa tana kan ta biyar.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne, a ganina, ƙarfin tsarin yake. Masu sharhi na dā sun rarraba kowace ƙa'ida gaɓa-gaɓa, suka ce ba ta karyewa sai gaɓoɓin sun cika. Kisa yana da biyar: a sami mai rai, mutum ya san mai rai ne, ya yi niyyar kashewa, ya yi yunƙuri, sannan mutuwa ta auku ta dalilin yunƙurin. Matar da take shara ta taka tururuwa ba ta gani ba, ba ta karya ba, don babu sani babu niyya. Sata ita ma biyar: kayan wani ne, ka san na wani ne, ka yi niyyar sacewa, ka yi yunƙuri, ka gusar da shi daga wurinsa. Ƙarya huɗu ce: abin ba gaskiya ba ne, akwai niyyar yaudara, an yi yunƙurin isar da shi, kuma wanda aka faɗa wa ya fahimta. Ku lura, yunƙurin ba lallai da baki ba. Gyaɗa kai ya isa, rubutu ya isa. Haka kuma sa wani ya yi maka daidai yake da ka yi da hannunka. Shi ya sa a kasuwannin Tailan, inda ake ajiye kifi da ransa cikin baho, mai kiyaye ƙa'ida ba zai nuna wani da yatsa ya ce a buge masa wannan ba. Zai nemi wanda ya riga ya mutu.

Wannan rarrabawar tana maganin cuta ɗaya, tana kuma iya haifar da wata. Tana maganin waswasi, irin na sabon shiga wanda yake kasa tafiya don tsoron taka ƙwaro. Cutar da take haifarwa ita ce wayo. Sai ka ga mutum ya ƙware wajen faɗin maganar da kowace kalmarta gaskiya ce, amma ya jera su yadda mai sauraro zai tafi da fahimtar ƙarya. Yana ganin ya tsira, alhali gaɓa ta biyu, niyyar yaudara, tana nan daram. Ni dai ina ganin wannan ya fi waswasin haɗari, domin mai waswasi ya san yana da matsala.

Maganar harshe ta fi ƙarya faɗi. Koyarwar ta lissafa laifuffukan baki huɗu: ƙarya, annamimanci, zafin magana, da surutu marar amfani. Ƙa'idoji biyar ɗin sun ambaci na farko ne kawai, shi ya sa a Miyanma wani babban bikku, Ledi Sayadaw, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1923, ya ƙarfafa wa mutanen gari wani jeri mai ƙa'idoji takwas da ya ƙunshi duka huɗun tare da sana'a mai tsabta. Akwai kuma ma'auni biyar da ake auna magana da su kafin ta fita: lokacinta ne, gaskiya ce, da taushi za a faɗe ta, tana da amfani, da kyakkyawar zuciya ake faɗinta. Mutane sun fi faɗuwa a na farko. Gaskiya ce, da amfani, amma an faɗa wa mutum a gaban surukansa.

To ta yaya ake duba kai? Akwai wani darasi da littattafan suka ce Buda ya yi wa ɗansa Rahula tun yana yaro, a Ambalattika, kusa da tsohon birnin Rajagaha na Indiya. Ya wanke ƙafafunsa, ya rage ɗan ruwa a moɗa, ya nuna wa yaron, ya ce haka zuhudun wanda ba ya jin kunyar ƙarya da gangan yake, ɗan kaɗan. Ya watsar da ruwan, ya kifar da moɗar, ya sake buɗe ta wayam, kowane mataki yana maimaita masa maganar, ya ce ko da wasa kada ya yi ƙarya. Daga nan ya ba shi hanyar aiki. Kowane aiki a duba shi sau uku: kafin a yi, ana cikin yi, da bayan an gama. Tambayar ɗaya ce, shin wannan zai cutar da ni, ko wani, ko mu duka? Idan kafin a fara ne aka ga cutarwa, a fasa. Idan ana ciki ne, a tsaya nan take, ko da magana ta kai rabi. Idan kuwa an riga an gama, hukuncin ya rabu. Laifin jiki ko na baki, a je a bayyana shi ga malami ko aboki mai hankali, a ƙudura kiyayewa. Laifin zuci, kamar ƙulla wa wani sharri a rai, a ji ƙyamarsa, a ƙudura bari. Kuma idan aka duba aka ga aikin alheri ne, an ce a yi farin ciki da shi. Mutane suna yawan manta wannan rabin.

Mai yin wannan dubawa da dare yakan faɗa rami guda, wato nadama mai cin rai. A lissafinsu wannan tana cikin abubuwa biyar masu toshe zuciya, ba ibada ba ce. Dalilin a bayyane yake: wanda ya kwana yana zagin kansa ba ya iya natsuwa, kuma gobe zai guji dubawar gaba ɗaya don zafinta. Abin da aka koyar gajere ne. Ka amsa cewa abin da ka yi bai dace ba, ka san nadama ba za ta mayar da shi ba, ka gyara abin da zai gyaru, kamar mayar da kuɗi ko neman afuwa, gari ya waye ka sake ɗaukar ƙa'idar. Su kansu bikku haka suke yi. Duk bayan mako biyu suna taruwa a karanta musu dokokinsu 227, kuma kafin a fara kowa ya bayyana wa ɗan uwansa laifin da ya yi.

Ga mai saurin fushi akwai horon fatan alheri da ake kira metta. Buddagosa, malamin da ya yi aiki a Anuradapura ta Siri Lanka a ƙarni na 5, ya tsara jerin: ka fara da kanka, sai wanda kake girmamawa kamar malaminka, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, maƙiyi a ƙarshe. Wanda ya fara da maƙiyi gajiya zai yi, fushin ya ƙaru. Ya kuma hana a keɓe wanda sha'awa za ta iya shiga tsakani, ya hana a keɓe mamaci.

Sau huɗu a watan sama, wato cikar wata, duhun wata, da ranakun rabi guda biyu, akwai ranar ibada da ake kira uposata. A Tailan wan fra suke cewa, a Siri Lanka poya, inda ranar cikar wata hutu ce a ƙasa baki ɗaya, a rufe shagunan giya da na nama. Mai so yakan sa fararen kaya ya tafi wurin ibada ya ɗauki ƙa'idoji takwas na dare ɗaya da yini ɗaya. Ta uku takan koma ƙauracewa saduwa gaba ɗaya, ko da iyali. A ƙara barin cin abinci daga tsakar rana har wayewar gari, barin kiɗa da rawa da kallo da turare da ado, da barin kwanciya a gado mai tsawo na ƙawa, sai tabarma. Ruwa da tataccen ruwan 'ya'yan itace ba laifi. A al'adar Tailan, alfijir ya tabbata idan ka miƙa hannu a fili ka iya ganin zanen tafinka. Kuskuren da aka saba gani shi ne cika ciki fiye da kima kafin rana ta take, mutum ya yini yana gyangyaɗi, an yi asarar ranar. Marar lafiya kuwa, kamar mai ciwon suga, ya tsaya a kan biyar, babu tilas.

Kyauta ma horo ce ta kullum. Da sassafe bikku suna fitowa ba takalmi, riƙe da ƙwarya, ba sa roƙo da baki. Mai bayarwa zai cire takalminsa, ya zuba dafaffiyar shinkafa da abin haɗi, ba ɗanyen hatsi ba, ba kuɗi ba, don dokarsu ta hana su karɓar kuɗi. Manufar ita ce hannu ya saba da saki. Amma ita ma tana karkacewa. A biranen Tailan mutane suna sayen ƙunshin soye-soye da lemon kwalba a bakin hanya su zuba, shi kuma bikku ba ya zaɓar abin da za a ba shi, har ƙiba da ciwon suga suka zama abin damuwa a cikinsu. Haka masu sayen tsuntsun keji su sake shi don neman lada: kuɗinsu ne yake sa maharbi ya koma daji ya kamo wasu.

Na ga hannu a baya. Bismillah, Malama.

Tambayarta ita ce, manomi fa, da ƙwari suke cinye masa shinkafa, da kuma masu cin nama? Madalla da wannan tambaya. Game da nama, yawancin mutanen waɗannan ƙasashe suna cin nama da kifi. Sharaɗin da aka sa wa bikku shi ne kada ya ci idan ya gani, ko ya ji, ko ya yi zargin cewa dominsa aka yanka. Sai dai an lissafa cinikin nama cikin sana'o'i biyar da ba su dace da mabiyi ba, tare da cinikin makamai, da na mutane, da na kayan maye, da na guba. Shi kuwa manomin da ya fesa magani, Malama, gaɓoɓin nan biyar sun cika a kansa, kuma malaman Terawada ba su ƙirƙiro masa wata kafa ba. Abin da suke ce masa shi ne nauyin laifi yana bambanta gwargwadon girman dabbar da ƙarfin niyya da yawan yunƙuri, don haka ya rage iya ƙoƙarinsa, ya gwada kora da shinge da tsabtace rumbu kafin guba, kada ya yi da jin daɗi ko ƙiyayya, kuma kada ya gaya wa kansa cewa bai yi komai ba. Wasu kuma sukan ajiye kamun kifi a ranakun uposata.

Shugaba ya yi mini alamar lokaci. Sauran tambayoyin a rubuto su a takarda, za mu ɗauke su bayan an dawo daga salla.