Shekarun ƙwai ne abin dubawa, ba na mahaifa ba

Jama'a, barkanku da zuwa. Na baya ku matso, lasifikar ba ta da ƙarfi.

Tsakanin 1983 da 1984 aka fara haifar jarirai da ƙwan da wata mace ta bai wa wata, a Ostireliya da Amurka, shekara biyar zuwa shida bayan haihuwar Louise Brown, jaririya ta farko da aka haifa ta hanyar dashen ƙwai, a Ingila. Abin da likitoci suka gano daga nan ya ba su mamaki. Mace mai shekara 45, da nata ƙwan da wuya cikin ya zauna, in aka dasa mata ƙwan 'yar shekara 25, damarta ta haihuwa sai ta kusanci ta ita yarinyar. Ashe mahaifa ba ta saurin tsufa. Ƙwai ne ke tsufa.

Dalili kuwa, 'ya mace da ƙwayayenta ake haifarta, wajen miliyan ɗaya zuwa biyu, ba a ƙara mata ko guda. Ƙwan da ta saki tana 38 ya shekara 38 yana jira. In ya zo rabon ƙwayoyin gado sai ya yi kuskure, ɗaya ta yi yawa ko ta gaza, shi ya sa ɓari ke ƙaruwa bayan 35. Don haka a Ingila ba a cika karɓar mai bayar da ƙwai da ta wuce 35 ba, ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka kuma ta fi son 21 zuwa 34.

Amma ku zauna da ma'aurata a ɗakin likita ku ji tambayarsu a kan mai bayarwar: fara ce? Doguwa ce? Ta yi jami'a? Wallahi babu ɗaya cikin waɗannan da ke sa ciki ya zauna. Gara su tambayi nau'in jininta. In miji AS ne, mai bayarwar ma AS, kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu na sikila, kuma mu nan mun san wahalarta. Sai gwajin ƙanjamau da ciwon hanta.

Akwai gwajin jini da ake kira AMH. Yana nuna yawan ƙwan da za a iya samu, bai nuna lafiyarsa ba.

Kada kuma a ɗauka ƙwan yarinya yana mayar da tsohuwa yarinya. Hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, ya fi kama masu cikin ƙwan aro, don haka awo ba wasa.

Malam, na ga hannunka, na san tambayar: shin addini ya halatta? Al-Azhar tun 1980, da majalisar fiƙihu ta Makka a 1985, sun halatta dashen tsakanin miji da matarsa kaɗai, ban da ƙwan wata, saboda nasaba. A Iran fatawar Khamenei, jagoran addinin ƙasar a lokacin, ta 1999 ta ba da dama da sharuɗɗa. Ni likita ne, ɓangaren jiki na kawo muku. Hajiya ta can gefe, bismillah, ke ce ta gaba.