Fodkas: Ƙari a ƙoda, da wanda yake bin jijiya har zuciya

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar ƙoda ce amma ba wankin ƙoda ba, ƙarin da yake fitowa a jikinta ne har sai an kai ga tiyata. Dakta, abin da ya sa na nace a yi hirar nan, wani ƙanin babanmu ne ya kusa shekara yana fitsarin jini ana cewa tsargiya ce, ana ta ba shi magani, ashe ƙari ne.

Dakta: Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Yaro mai wanka a kududdufi ko dam ya yi fitsarin jini, to tsargiya ce za ta fara zuwa rai, amma dattijo ɗan shekara 50 ko 60, ko da sau ɗaya ya gani kuma babu zafi, a je a yi hoton ciki. Ƙarin ƙoda shiru yake girma, da yawa ma wani ciwon ne ya kai su sikanin aka gano shi.

Auta: To idan an gano, dole sai an cire ƙodar gaba ɗaya kenan?

Dakta: A'a Auta. Idan ƙarami ne, kamar santimita 4 ko ƙasa da haka, akan yanke shi kawai a ɗinke ragowar ƙodar ta ci gaba da aikinta. Idan ya girma sai a ɗauke ta duka da kitsen da ya kewaye ta. Kuma ƙoda ɗaya mai lafiya tana riƙe mutum, tun 1869 wani likitan Jamus Gustav Simon ya cire wa wata mata ƙoda a Heidelberg ta tashi ta ci gaba da rayuwarta. Yanzu ma ana yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara.

Hajiya: Shi baffan namu cewa aka yi abin ya shiga jijiya, nan fa hankalinmu ya tashi.

Dakta: Halinsa ne wannan ciwon. Kowace ƙoda tana da jijiyar da take kawo jini da wacce take fitar da shi, to ƙarin sai ya zura cikin mai fitarwa kamar saiwar rogo, ya bi ta ya shiga babbar jijiyar ciki, wani lokacin ya yi ta hawa har ya leƙa zuciya ta ɓangaren dama. Amma Hajiya shiga jijiya ba shi ne ya bazu a jiki ba. Ana fara ɗaure mai kawo jinin, a matse babbar jijiyar sama da ƙasa, a tsaga ta a zaro shi a hankali don kada wani gutsure ya ɓalle ya tafi huhu. Idan ya kai zuciya sai an haɗa da likitocin zuciya da injin da zai riƙe jini.

Auta: Subhanallahi. Ba alamar da mutum zai gani daga waje?

Dakta: Akwai wata da maza suke jin kunyar faɗa. Jijiyar marainan hagu a cikin jijiyar ƙodar hagu take zuba jininta, idan aka toshe can sama sai jijiyoyin wajen su kumbura, ko ya kwanta ba sa sacewa. Babban mutum ya ga haka kwatsam, a duba ƙodarsa.

Hajiya: Yara fa?

Dakta: Nasu daban ne, ƙarin Wilms, yawanci 'yan ƙasa da shekara 5, uwa ce take jin tauri a cikin yaro lokacin wanka. Shi wannan ƙarin yana jin maganin ciwon daji sosai idan an haɗa da tiyata, don Allah kada a tsaya yi masa tsaga ana cewa saifa ce.

Hajiya: Auta, karanto mana saƙon farko da aka turo.